Kwantai da Ɗumame: Adana Gasasshen Naman Shanu a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Yawancin abin da aka rubuta game da sana'ar fawa a ƙasar Hausa ya karkata ne ga sarautar Sarkin Pawa, da hawan ƙaho, da kiɗan kalangun da ake yi wa rundawa. Ba a cika tsayawa a kan wani sashe na ilimin mahauta ba, wato abin da suke yi da naman da ya rage bayan kasuwa ta watse. Haka nan a cikin gida, ba a cika rubuta dabarun da iyayenmu mata ke bi su sa naman Sallah ya kai wata guda ko fiye ba tare da ya canza ba. A kan wannan ne wannan maƙala ta tsaya. Na fi mayar da hankali ga gasasshen naman shanu, musamman naman ƙirji da tozo da haƙarƙari, domin su ne masu kitse da jijiya, su suka fi daɗi idan an gasa, kuma su suka fi wuyar ajiyewa. Dalilina shi ne na lura gidaje da yawa a yau sun saki dabarun da, ba su kuma riƙi na zamani yadda ya kamata ba, sai aka tsaya a tsakiya. Abin da ke biyo baya shi ne asarar nama mai tsada, ko kuma amai da gudawa a tsakanin yara kwana biyu bayan biki.

Gashi da kwantai

Gashin nama don sayarwa tsohuwar sana'a ce a biranenmu. Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Kilafatan, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya bayyana abin da ya gani a kusa da mahautar babbar kasuwar birni. Ya ga masu gashi sun hura wutar itace a fili, sun kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa ƙananan yankan nama, ana sa tsoka ana sa kitse. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukuba ya san tsire ake nufi. Shekaru ɗari biyu ke nan, kuma siffar ba ta sauya sosai ba. Daga nan ne sana'ar ta bi Hausawa zuwa kudancin Nijeriya inda ake ce mata suya, da Kamaru inda ake cewa soya, da Gana inda ake cewa cicinga, da Sudan inda har yau sunanta agashe.

Mahauci yana yanka ne da safe bisa kirdadon abin da kasuwa za ta ɗauka, kuma kirdado ba kullum yake faɗawa daidai ba. Naman da bai shiga ba shi ne kwantai. A lokacin da babu firji, mahaucin da bai san yadda zai yi da kwantai ba, jarinsa ba ya kai shekara. Saboda haka mahauta suka rarraba nama gwargwadon abin da kowane sashe zai iya jurewa. Jan nama marar kitse, irin na cinya, shi ake feɗewa fale-fale a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a ɗan nuna wa wuta, ya zama kilishi. Unguwar Agadasawa ta Kano ta yi suna a wannan aiki. Gunduma-gunduman da ba su feɗuwa ana yi musu banda, a ɗora a kan waya, hayaƙi da sanyin wuta su yi ta bugunsu har su ƙafe. Naman ƙirji da haƙarƙari kuwa, kitsensu ya hana su zama kilishi, don haka balangu ne makomarsu. Shi kuma balangu daɗinsa yana cikin ruwan jikinsa ne, ruwan nan kuma shi ne ke jawo masa saurin lalacewa. Shi ya sa mai balangu ya fi mai kilishi ɗokin ganin tirensa ya ƙare kafin dare ya raba.

Tsoffin masu cin tsire ba a ruɗinsu da kwantai. Suna duban launi, domin naman da ya sha wuta sau biyu yana yin duhu ya ƙanƙance a jikin tsinke, kuma ko an shafe shi da mai an barbaɗa sabon ƙuli, akwai wani ɗanɗano na kwana da ba ya ɓuya. Masana kimiyyar abinci sun ba wannan ɗanɗano suna tun 1958, sun kuma gano cewa iska ce ke haɗuwa da kitsen dafaffen nama, sinadarin ƙarfen da ke cikin tsoka yana iza ta, sai kitsen ya fara maƙaƙi. Wannan ba cuta ba ce, raguwar daɗi ce kawai. Amma ta nuna dalilin da ya sa nama yankakke ya fi dunƙulalle saurin canzawa: ko'ina iska tana taɓa shi.

Naman Sallah

A cikin gida, babbar makarantar adana nama ita ce Babbar Sallah. Malamai sun bayyana cewa an taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku a Madina saboda mabuƙatan da suka shigo garin a wata shekara, daga baya aka ba da izinin a ci, a bayar, a kuma adana. Bahaushe ya riƙi wannan izini da kyau. A Kano da Katsina da Zazzau, yawanci akan rataye dabbar ta kwana ta tsane, washegari a daddatsa, a tafasa da gishiri da kayan yaji har ruwan ya ƙone a jikin naman, sannan a soya shi cikin kitsensa har ya yi rauɗi-rauɗi ya daina kumfa. Daina kumfar nan ita ce ma'aunin tsofaffi, kuma ma'auni ne mai kyau, domin kumfar ruwa ne ke fita daga naman. A Sakkwato da Yamai da Damagaram kuwa, an fi banƙare dabbar a kan itatuwa a jingina ta kewaye da babbar wuta tun rana har dare, daga baya a sauke a soya. Ko ta wace hanya aka bi, soyen ana zuba shi a kwalla ko tukunya bayan ya huce, wasu su kwarara masa kakide ya rufe shi ya daskare, a riƙa fito da shi lokaci-lokaci ana ɗan juya shi a wuta. Da wannan ne ake ajiye wa alhazai rabonsu, ake kuma kai wutsiyar rago har daren cika-ciki, wata guda bayan layya.

Idan aka duba da kyau, abubuwa uku ne ke aiki a nan: an fitar da ruwa, an sa gishiri, an kuma raba naman da iska ta hanyar kakide. Ƙwayoyin cuta ba su hayayyafa inda babu danshi. Wannan ne sirrin kilishi da dambun nama da soye gaba ɗaya. Gasasshen nama mai taushi bai sami ko ɗaya daga cikin ukun nan yadda ya kamata ba, don haka kuskure ne a ɗauki tsawon kwanakin da soye ke yi a auna balangu da shi. Sau da yawa na ga an haɗa su a kwano ɗaya an rufe, danshin balangun ya lalata soyen, aka yi biyu babu.

Makamancin haka a Tekzas

Akwai wata al'umma mai nisa da ta fuskanci matsala irin tamu, kuma kwatanta mu da su yana da amfani ga malamai. A tsakiyar jihar Tekzas ta Amurka, baƙin da suka zo daga Jamus da ƙasar Cek a ƙarni na 19 sun buɗe shagunan fawa a ƙananan garuruwa irin su Lokhat da Elgin. Da yake su ma ba su da firji, sai suka riƙa banda naman da ya yi kwantai suna sayar wa leburorin gonakin auduga a kan takarda, ba faranti ba cokali. Shagon Kreuz Market na Lokhat ya faro ne a 1900. Daga wannan kwantai ne gashin da jihar ke alfahari da shi ya samo asali, kuma daga wajen shekarun 1960 naman ƙirjin sa ya zama sarkin gashin nasu. Ƙirji guda yakan kai kilo 5 zuwa 7. Suna sa shi a tanderun hayaƙi mai sanyin wuta, wajen digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, ya yi awa 10 ko fiye, har cikinsa ya kai kimanin digiri 93.

Dalilin wannan dogon haƙuri shi ne ƙirji nama ne mai aiki. Saniya ba ta da ƙashin wuya irin na mutum da ke riƙe kafaɗa, tsokar ƙirji ce ke ɗauke da kaso mai yawa na nauyinta, don haka cike take da jijiya da tantani. Wuta mai ƙarfi tana ƙara musu tauri ne. Sanyin wuta na tsawon lokaci shi ke narkar da su su koma wani danƙo mai yauƙi, irin wanda muke gani idan romon ƙafar saniya ya kwana ya daskare. Danƙon nan da narkakken kitse su ne taushin naman. Idan naman ya huce sai su daskare, ya yi tauri kamar ba shi ba. Idan aka ɗumama a hankali sai su sake narkewa. Idan kuma aka watsa shi a wuta mai ƙarfi a buɗe, sai su tsiyaye su bar zare-zaren tsoka busassu. Masu gashin Tekzas sun gane haka, shi ya sa ba su yanka ƙirji sai mai saye ya tsaya, kuma abin da ya rage na jiya sukan daddatsa shi su haɗa da romo a ci da burodi, ko su zuba a wake. Mai balangunmu da ke naɗe nama a takarda da ɗan mai da albasa ya ajiye a gefen garwashi, ilimi ɗaya suke aiki da shi.

Abin da hanci ba ya ji

A nan ne nake ganin ilimin gargajiya yana buƙatar ƙari. Tsofaffi suna gane ruɓaɓɓen nama da hanci da ido: wari, da yauƙi, da funfuna. Amma ƙwayoyin da ke sa wari daban, waɗanda ke kwantar da mutum daban, kuma na biyun ba su da wari ko launi. Suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi adadinsu yakan ninka a cikin kamar minti 20. Zafin ɗakunanmu a bazara, lokacin da Kano ke kai digiri 40 da rana, shi ne daidai abin da suke so.

Biyu daga cikinsu sun fi shafar gasasshen nama. Ta farko, wadda masana ke kira Kulostiridiyam, tana iya shiga wani ɓawo mai tauri ta tsira daga wutar gashi, sai naman ya fara hucewa a hankali ta farka ta yi ta yaɗuwa a cikinsa. Babban gunduman nama da aka bari ya huce da kansa shi ne gidanta. Tana sa murɗar ciki da gudawa bayan awa 6 zuwa 24. Ta biyu, Istafilokokas, a fatar mutum da hancinsa take zaune, kuma hannun mai yanka ne ke kai ta kan naman bayan an sauke. Ita dafi take zubawa, kuma dafin wuta ba ta kashe shi. Ma'ana, naman da ya kwana a zafi bayan hannuwa sun yi ta taɓa shi, ko an mayar da shi wuta ya yi jawur, yana iya sa amai cikin 'yan awoyi. Yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu su suka fi jin jiki.

Wani zai ce ai mun tashi muna cin ɗumame, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne, amma a tuna yadda ake yinsa. Uwar gida takan tafasa miya da dare, ta rufe, ta hana kowa sa ludayi ko hannu, da safe ta sake tafasawa. Miya ruwa ce, zafi yana ratsa ta ko'ina. Dunƙulen nama kuwa bayansa na iya ƙonewa alhali cikinsa ɗumi kawai ya yi. Ƙa'idar da hukumomin lafiya suka bayar ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a ajiye a fili, hukumomin Amurka ma sun rage zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. Na san wannan yana da wuyar bi a gidan biki. Amma ko ba a bi shi daidai ba, ya kamata a san cewa kular da ake zuba nama tun hantsi a buɗe bayan isha'i, ba ta riƙe shi da zafin da zai kare shi. Ɗumi take riƙewa. Haka ƙulle nama mai zafi a leda, gumin da yake yi a ciki ruwa ne ake ba ƙwayoyin cuta.

Firji da wutar da ba ta tsayawa

Wanda ke da firji, abin da ya fi masa shi ne ya raba naman gida-gida, kowane kaso daidai cin zama ɗaya, amma kada ya yayyanka shi ƙanana. A cire albasa da tumatir da kabejin da aka ci da shi, domin su ne ke fara yami. A tara romon da ya tsiyaya a zuba tare da naman, a rufe sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Ba sai an jira ya yi sanyi ƙalau ba. Da tururi ya lafa a sa shi. A firjin da sanyinsa bai haura digiri 5 ba, kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa. A gidan ƙanƙara mai digiri 18 ƙasa da sifiri zai yi wata 2 zuwa 3 kafin daɗinsa ya ragu.

Sai dai duk wannan lissafi an yi shi ne bisa wutar da ba ta yankewa. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne idan ba a buɗe shi ba. Babban injin ƙanƙara cikakke yana kai kwana 2, rabin ciki kwana 1. Naman da ya narke ya yi ɗumi, wuta ta dawo ya sake daskarewa, ba wanda zai gane da ido abin da ya faru da shi a tsakani. Wata dabara mai sauƙi ita ce a daskarar da ruwa a ƙaramin kofi a ɗora kwabo a kai. Idan aka tarar da kwabon a ƙasan kofin, an san kayan sun narke. A ra'ayina, gidan da wutarsa ba ta da tabbas gara ya ɗauki firji a matsayin ajiyar kwana ɗaya ko biyu, abin da zai wuce haka a mayar da shi soye ko dambu. Tukunya cikin tukunya da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000, tana da amfani ƙwarai ga tumatir da yalo da ganye, amma sanyinta bai kai wanda dafaffen nama ke buƙata ba.

Ɗumamawa

Idan naman daskararre ne, a bar shi ya saki a cikin firji, ko a sa shi a leda mai kyau a tsoma a ruwan sanyi ana canza ruwan. Kada a shanya shi a rana. Sannan a sa shi a tukunya mai murfi da ɗan romonsa ko ruwa kamar rabin kofin shayi, a ɗora a kan garwashin da ya lafa. Turirin da ke cikin tukunyar shi zai narkar da danƙon nan ya mayar wa naman taushinsa. Ana so cikinsa ya kai digiri 74. Wanda ba shi da ma'auni sai ya tsaga mafi kaurin wurin ya ga tururi na fita, ya ji ba ya taɓuwa da yatsa. Bayan haka, mai son ƙaurin gashi sai ya ɗan nuna shi ga wuta mai ƙarfi na minti biyu ko uku, ya barbaɗa sabon yaji. A yanka shi a gicciye, wato a datse zaren tsokar, kada a bi tsawonsa. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki tana da sauri, amma takan bar wani wuri da sanyi wani ya ƙone, don haka sai an yanka, an rufe, an juya. Abin da aka ɗumama a cinye shi. Kada a mayar da shi ajiya karo na biyu.

Game da yaji, a duba ƙulin da aka daka shi da shi. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin afalatoksin, wanda aka gano bayan mutuwar talotalo masu ɗimbin yawa a Ingila a 1960, kuma shi ma gashi ba ya kawar da shi. Yajin da ya sha danshin damina ya dunƙule, zubar da shi ya fi.

Idan naman ya yi yawa, ƙirji ya fi kowane sashe dacewa da dambu, saboda dogayen zarensa suna warwarewa da wuri a turmi. A yanke kitsen a ware, a sake tafasa tsokar da citta da kanumfari da albasa har ruwan ya ƙone, a daka, a soya a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi wara-wara, a baza a faranti ya huce sarai kafin a rufe. Kitsen da aka ware a narkar da shi a tace, ya zama na miya.

Akwai kuma batun lokaci, wanda dattawa suka fi matasa sani. Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ta zagaye damina da rani cikin shekara 33. A 2008 ta faɗo a farkon Disamba, cikin hunturu, lokacin da za a rataye rago ya kwana iska ta busar da bayansa. A 2018 ta zo a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin ƙuda da funfuna. A 2025 ta zo a farkon Yuni, kuma daga nan cikin Mayu da Afrilu take shiga, wato tsakiyar bazara. Matan da suka koyi aikin naman Sallah a shekarun hunturu za su tarar da cewa kwanan da rago ke yi a rataye a da, yanzu ya yi yawa. A irin waɗannan shekaru kayan ciki a gama da su a ranar yanka, naman gashi a gasa daidai wanda za a ci a zaman, sauran kuma a ɗora tukunyar suya tun da yamma.